Tambaya da Amsa: Madubin Bindiga Mai Sauƙin Kuɗi Don Harbin Allo

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato madubin zuƙo nesa da ake ɗora wa doguwar bindiga, wanda masu sayarwa ke kira sikof. Yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Amurka da Ingila ne, inda harbin allo wasa ne mai ƙungiyoyi da filaye masu rajista. Mun taƙaita wasiƙun, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na shiga ƙungiyar harbi a garinmu, na sayi bindiga mai sakata da ke cin ƙaramin harsashin .22 LR. Filinmu yana da allo a yadi 50 da yadi 100. Dala 300 na ware wa madubi. A intanet na ga wani an rubuta masa 6-24x50 a kan dala 60, ga wani kuma 3-9x40 ya haura dala 200. Yaya mai ƙaramin ƙarfi zai fi babba tsada? Wanne zan ɗauka? Mai karatu daga Columbus, jihar Ohio.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da lambobin. 6-24 na nufin madubin yana kusanto da abu daga ninki 6 zuwa ninki 24. Lambar da ke bayan x kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Ka raba faɗin gilashin da ninkin da kake kai, amsar ita ce kaurin hasken da ke fitowa ta baya ya shiga idonka. Mai 40 a ninki 9 yana ba da milimita 4.4. Mai 50 a ninki 24 bai wuce milimita 2.1 ba. Duk sanda hasken nan ya sirance hoto yakan dushe, kuma da ka ɗan goce da kai sai baƙi ya rufe maka gani. Gilashi mai kyau yana jure wannan. Na dala 60 kuwa, daga ninki 14 ko 16 zuwa sama sai ka ji kamar kana leƙe a cikin hazo, gefen baƙar da'irar allo ya yi shuɗi-shuɗi. Buga lamba 24 a jikin kwali ba ya cin ko sisi. Goge gilashi da shafa masa sinadarin da ke barin haske ya ratsa, nan kuɗin suke tafiya.

Amma ko gilashin ba shi ne babbar magana ba. A cikin bututun madubi akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai. Sifirin ne ke danne shi a jikin ƙusoshin mamurɗai biyu, na sama mai ɗaga harbi ko sauke shi, da na gefe mai kai shi dama ko hagu. Duk ƙas ɗaya da ka ji in ka murɗa, wannan ƙaramin bututun ne ya gusa da abin da bai kai kaurin gashi ba. In sifirin ɗin ya yi laushi, ko zaren ƙusar bai yanku daidai ba, za ka murɗa ƙas 8 harbi bai motsa ba, sai bayan harsashi biyu ko uku girgiza ta sa ya yi tsalle gaba ɗaya. Mai farauta yana saiti sau ɗaya ya rufe murfi har shekara ta zagayo, wannan bai cika damunsa ba. Kai kuwa tsakanin yadi 50 da 100 za ka riƙa murɗawa kullum, domin harsashin .22 mai matsakaicin gudu da aka daidaita a yadi 50 yakan faɗi wajen inci 6 zuwa 7 a yadi 100. Madubin da mamurɗinsa ba ya dawowa inda ya tashi, asarar harsashi ne kawai. Araha ba ta ado.

Saboda haka ga yadda za mu jera buƙatu da kuɗi kaɗan. Na farko mamurɗai masu gaskiya. Na biyu wurin gyara rawar zare (zare shi ne gicciyen da kake gani a cikin madubi kana bara da shi), wanda za mu yi bayaninsa a amsa ta gaba, kuma ya sauko har yadi 25, in da hali ma yadi 10. Na uku gilashi. Ninki shi ne na ƙarshe. A yadi 50 ninki 12 ya isa ka ga hujin harsashi a farar takarda. A yadi 100 za ka so 16 zuwa 20 da gilashi mai ɗan dama.

Wancan 3-9x40 na dala 200 mai yiwuwa nagari ne, amma madubin farauta ne: mara nauyi, mamurɗansa a rufe, yawanci kuma an ƙulle tazarar ganinsa a yadi 100. Ba don aikinka aka yi shi ba. Ka cire dala 50 zuwa 70 don zobban da ke riƙe madubi a kan bindiga, sauran ka nemi wani abu tsakanin 4-12x40 da 6-18x44 mai gyaran tazara, wato wurin gyara rawar zaren nan. Vortex Crossfire II 6-18x44 AO yana wannan sahu, haka jerin Vantage na Hawke da Talos na Athlon. In za ka iya haƙuri ka ƙara tari har dala 400 zuwa 450, sai ka hau sahun Athlon Argos BTR 6-24x50, ko Vortex Diamondback Tactical 6-24x50, ko Bushnell Match Pro, waɗanda ake yawan gani a gasar .22 irin ta NRL22. Farashi yana hawa da sauka, ka duba shaguna biyu ko uku. Akwai kuma hanyar da sababbi ke rainawa: madubi mai ninki ɗaya tak, kamar SWFA SS 10x42. Da yake ba shi da kayan sauya ninki, kuɗin ƙirarsa sun tafi ga mamurɗai, shi ya sa ya yi suna wajen ƙarko. In ka same shi cikin kuɗinka, kada ka yi masa kallon talaka.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Na ari madubi 3-9x40 daga bindigar farautar abokina na ɗora a kan .22 ɗina. A yadi 25, ko da na kafa bindigar a kan buhun yashi, harbina sai ya tattaru a nan yanzu, an jima ya koma gefe da kusan rabin inci. Madubin ne ya lalace ko hannuna ne? Mai karatu daga Bronx, New York.

AMSA: Da alama ba ko ɗaya. Ka gwada wannan ba tare da harsashi ba. Kafa bindigar a kan buhu, ɗora gicciyen zaren a tsakiyar allo, cire hannunka, sannan ka ɗan kaɗa kai sama da ƙasa kana leƙe. In ka ga zaren yana yawo a kan allo alhali bindigar ba ta motsa ba, ka kama ɓarawon. Turawa na ce masa faralaks, mu ce rawar zare. Dalilinsa shi ne hoton allo da zaren ba su faɗa wuri ɗaya a cikin madubin ba, ɗaya na gaban ɗaya. Kamar allurar awon gudun mota ce: direba na ganin 80, na gefensa na ganin 75.

Madubin farauta na manyan harsasai yawanci a yadi 100 aka ƙulle shi, na .22 kuma a yadi 50 ko 60. In gilashin gaba milimita 40 ne, an ƙulle shi a 100 kana harbi a 25, kuskuren zai iya kai milimita 15 ta kowane gefe idan idonka ya goce har bakin iyaka. A yadi 50 kuma milimita 10. Ka ga rabin incin nan naka ya shiga cikin lissafi.

Maganin na dindindin madubi ne mai gyaran tazara, ko dai zobe a kan gilashin gaba, wanda ake rubuta wa AO, ko mamurɗi na uku a gefen hagu. Na gefen ya fi daɗin kai hannu, na gaban ya fi araha, aikinsu ɗaya. Amma akwai tsari, kuma nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ka fara da gilashin ido na can baya. Nuna madubin ga farin bango ko sararin sama nesa da rana, ka leƙa na daƙiƙa biyu, ka ɗauke ido, ka murɗa kaɗan, ka sake leƙawa, har zaren ya fito baƙi ƙirin nan take. Kada ka zura ido, domin ido zai yi ta gyara da kansa ya yaudare ka. Wannan sau ɗaya ake yinsa, zare kawai yake gyarawa, ba ruwansa da allo. Bayan nan sai ka koma ga gyaran tazara, ka murɗa kana kaɗa kai har zaren ya tsaya cik. Lambobin yadi da aka rubuta a jiki ƙiyasi ne, kada ka yi musu da idonka saboda su.

Kafin ka sami sabo, ka riƙa ɗora kunci wuri ɗaya a gindin bindiga kowane harbi. Wata dabara kuma, ka ja kai baya kaɗan har baƙin zobe ya bayyana a kewayen hoto, ka daidaita shi ta kowane gefe. In zoben ya yi daidai, idonka na tsakiya.

TAMBAYA: Malamai, ku fitar da ni daga duhu. Mene ne MOA, mene ne mil, kuma me ake nufi da FFP da SFP? Mijina ya ce in ɗauki duk wanda na ga dama, wai duk ɗaya ne. Mai karatu daga Houston, Texas.

AMSA: Malama, maigida yana da rabin gaskiya. Dukansu awon kusurwa ne. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, yana rufe inci 1.047 a yadi 100, wato kusan santimita 2.9 a mita 100. Yawancin madubai rubu'in MOA suke gusawa a ƙas ɗaya. Mil ɗaya kuma santimita 10 ne a mita 100, ko inci 3.6 a yadi 100, ƙas ɗaya kuma kashi ɗaya cikin goma ne, wato santimita ɗaya cif a mita 100. Mil ɗaya ya kai MOA 3.44. Ƙas ɗin MOA ya ɗan fi ƙanƙanta, shi ya sa masu harbin benci da ke neman huji a kan huji suke son sa. Mil ya fi sauƙin lissafi ga wanda ya taso da mita da santimita, irinmu. Shawararmu ki tambayi abin da mutanen filinku suka fi amfani da shi, domin wanda ke kusa da ke zai ce miki “ƙara huɗu sama”, gara ku zama yare ɗaya kuke ji.

Inda ba duk ɗaya ba ne: kada ki sayi madubin da alamomin zarensa mil ne, mamurɗansa kuma MOA. Tsofaffin madubai da wasu masu araha haka suke, kowane gyara sai kin zauna ninkawa da 3.44.

FFP na nufin zaren yana gaban gilasan sauya ninki, don haka yana girma tare da hoto, alamominsa kuma gaskiya ne a kowane ninki. SFP na nufin yana bayansu: girmansa ba ya canzawa, alamominsa kuma a ninki ɗaya kawai suke daidai, yawanci na ƙarshe. In kin sauko rabin wancan ninkin, tazarar kowace alama ta ninka biyu. Ga mai zama a benci yana harbin takarda a tazarar da ya sani, SFP mai siririn zare ya wadatar, ya kuma fi araha. FFP yana biyan kuɗinsa ne a gasar da ake sauya tazara da sauri ana riƙe saiti da alamomi. Aibinsa a madubi mai araha, zaren yakan yi kauri a babban ninki har ya rufe ɗigon da kike bara.

Bututu mai inci ɗaya, ko milimita 30, ko 34, shi ma za a tambaye ki. Faɗin bututu ba ya ƙara haske, ko da mai shago ya rantse. Abin da yake ƙarawa filin murɗawa ne. Madubi mai MOA 60 gaba ɗaya yakan bar miki wajen 30 na sama bayan saiti, .22 kuma daga yadi 50 zuwa 200 tana cin kusan 25. In za ki kai can, ki sa dogon ɗora madubi mai gangaren MOA 20.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ɗaura sabon madubina da kaina, na matse notuna iya ƙarfina don kada ya motsa. Yanzu mamurɗin gefen hagu ya yi tauri, harbi kuma ba ya bin murɗawa. Da na kwance sai na ga zobban sun yi shaida a jikin bututun. Ina na kuskure? Mai karatu daga Minneapolis.

AMSA: Wa alaikumus salam. A “iya ƙarfina” ɗin nan, ɗan'uwa. Bututun madubi siririn alminiyam ne. In ka matse shi fiye da kima sai ya lanƙwashe ciki ya danne kayan da ya kamata su zame. Notunan murfin zobe yawanci inci-fam 15 zuwa 18 suke so a awon ƙarfin ɗaure noti, wato kusan Nm 2, abin da 'yan yatsu ke iya yi da gajeren hannun alanki. Ka lura, inci-fam ne. Wanda ake ɗaure tayar mota da shi ƙafa-fam ne, ya ninka wannan sau 12. Sukurudireba mai awon ƙarfi, irin Wheeler FAT Wrench, kuɗinta ba su kai na madubin da za ka ɓata ba, wataƙila ma wani a ƙungiyarku yana da ita. Ka sake ɗaurawa a kan ƙa'ida ka gani. Sau da yawa taurin yana sakin kansa. In bai saki ba sai garanti.

Ga yadda ake yi tun daga tushe. Tabbatar babu harsashi, cire sakata. Duba irin mazaunin da ke kan bindigarka, domin nan ma ana ruɗewa: .22 ƙirar Amurka da yawa suna da tsagi mai faɗin 3/8 na inci, na Turai kamar CZ 457 kuma milimita 11. Zoben wannan yana iya hawa wancan a karkace ba ka sani ba, sai ka ƙare duk murɗin gefe kana neman takarda. Haka dogon ɗora madubi ƙirar Picatinny da ƙirar Weaver: ramin Picatinny ya fi faɗi, zoben Weaver yana shiga Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa ba ya shiga Weaver.

Goge mai daga notuna da ramukansu. Notunan da ke riƙe dogo a jikin bindiga za ka iya ɗiga musu shuɗin gam na zare, irin Loctite 243, ka bi awon da maƙerin ya rubuta. Notunan murfin zobe kuwa a bushe, domin gam kafin ya daskare yana sa santsi, sai ka zarce awo ba da saninka ba. Kafin ka ɗaure ƙasan zobe, tura shi gaba har ya daki bangon ramin, domin can hauri zai kai shi dama.

Tsayin zobe: mafi ƙanƙanta da zai bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin bakin madubi da bututun bindiga, hannun sakata kuma ya wuce ba tare da ya goga ba. Zobe mai tsayi da yawa yana ɗaga kuncinka daga gindin bindiga. Ɗora madubin, rufe murafe sako-sako, kai ninki ƙarshe, zauna yadda kake harbi, rufe ido ka ɗora kunci, sannan ka buɗe. Ja madubin gaba ko baya har hoto ya cika ba baƙin gefe. Tazarar ido yawanci inci 3 zuwa 4 ce. A .22 ba abin tsoro, amma a babbar bindiga wanda ya kusanta da yawa zai tashi da tsage a gira. Kada zobe ya manne da kumburin tsakiya inda mamurɗai suke, bar wajen santimita ɗaya.

Rataya igiya mai nauyi a ƙasa, irin ta magina, a nisan yadi 15 ko 20. Ɗora ƙaramin lebur a kan dogo don bindigar ta zauna daidai, ka juya madubin har zaren tsaye ya kwanta a kan igiyar. Sai ɗauri: rabin juyi a wannan noti, rabin juyi a na kishiyarsa, kana duba giɓin dama da na hagu su yi daidai. In ka gama gefe ɗaya kafin ɗayan, madubin zai juya da kai.

Saitin farko a yadi 25. Da sakata a cire, leƙa ta cikin bututun bindiga ka sa allo a tsakiyarsa, sannan ba tare da motsa ta ba ka murɗo zare kan allon. Harba uku, auna daga tsakiyar tarin, ba daga hujin da ya fi burge ka ba. Da rubu'in MOA, inci ɗaya ƙas 16 ne a yadi 25, ƙas 8 a yadi 50, ƙas 4 a yadi 100. Mantawa da wannan shi ke sa mutum ya murɗa huɗu a yadi 25 ya ce madubi ba ya aiki. Koma yadi 50, tabbatar da harbi biyar, sassauta murfin mamurɗi ka mayar da lambarsa sifili.

TAMBAYA: Bindigar iska nake da ita, mai sifirin da ake karya bututu a ɗana. Madubi biyu ta kashe mini cikin wata shida, na biyun ma an ce yana ɗaukar manyan bindigogi. Abin da harsashinsa bai kai ƙwayar masara ba, yaya zai yi haka? Mai karatu daga Birmingham, Ingila.

AMSA: Malam, ba nauyin harsashi ba ne, salon haurin ne. Bindigar albarushi baya kawai take hauri, madubanta kuma ta wannan fuskar aka ƙarfafa su. Mai sifirin sau biyu take yi: fistin ya zabura gaba ta yi baya, ya daki ƙarshen hanyarsa ta fizgo gaba, duk cikin ƙiftawar ido, ga karkarwar sifirin a bisa. Fizgar gaban ce ke kwance gilasai ta tsinka zaren waya. Ka nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa ya dace da bindigar iska mai sifirin, kamar jerin Airmax na Hawke, wanda zarensa zane ne a jikin gilashi. Ya zama mara nauyi, gyaran tazararsa kuma ya sauko yadi 10. Masu tankin iska da ake cikawa, PCP, ba su da wannan matsala.

Mazauni ya zama guda ɗaya dunƙule, mai ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da ke saman bindigar. Weihrauch da Air Arms suna da waɗannan ramuka. In babu ƙusar, mazaunin zai riƙa rarrafe baya a kan tsagi. Ka yi alama da fensir ka duba bayan harbi 50.

Akwai kuma abin da muke zargin shi ya kashe na biyun. Masu karya bututu da yawa bakinsu yana ɗan sunkuyawa ƙasa, sai mai su ya murɗa sama har ƙarshe don ya kamo allo. A can ƙarshen sifirin ɗin cikin madubi ya saki, ƙaramin bututun yana lilo, kowane harbi yana dukansa. In saitinka ya ci kusan duk murɗin sama, sayi mazauni mai gangare da aka yi don gyara wannan sunkuyon, ka dawo da mamurɗi kusa da tsakiya.

TAMBAYA: Shagon ya ba ni kwana 30 in mayar in ban gamsu ba. Ta yaya zan gane mamurɗan suna da gaskiya? Mai karatu daga Atlanta.

AMSA: Da doguwar takarda da tef ɗin awo. Auna tazarar da kanka, domin allon da aka rubuta wa 100 ba lallai ne ya cika 100 ba. Ja miƙaƙƙen layi a tsaye da taimakon igiyar magina, sa ɗigo a ƙasa. Harba uku a ɗigon. Murɗa MOA 20 sama, ci gaba da bara a kan ɗigon nan dai, harba uku. A yadi 100 ya kamata tarin na biyu ya hau inci 20.9, a yadi 50 kuma inci 10.5. Mai mil ya murɗa 5 a mita 50, ya nemi santimita 25. Sauko sifili ka sake uku, su faɗa cikin na farko. Maimaita sau uku, a rana marar iska.

In kullum inci 20 kake samu maimakon 20.9, madubin yana rage kusan kashi 4 cikin 100, amma tunda ba ya canza magana za ka iya zama da shi ka gyara a lissafi. In yau 19 gobe 22, ko ya ƙi dawowa sifili, mayar musu. In tarin sama ya kauce daga layi zuwa gefe, yawanci ɗauri ne ya karkace, koma kan igiya kafin ka zargi madubi.

TAMBAYA: Na hannu fa? Na ga wani mai babban suna a rabin kuɗi. Mai karatu daga Chicago.

AMSA: Na hannu hanya ce mai kyau in kamfanin yana bin kayansa ba tare da rasit ba, kamar yadda Vortex da Leupold suke yi. Nikon kuwa ya daina ƙera madubin bindiga, ka sa wannan a lissafi. Duba lotsawar zobe a bututu, leƙa ta gilashin gaba da tocila ka nemi ƙura ko raɓa a ciki, alamar iskar nitirojin da aka cika shi da ita ta tsere. Murɗa kowane mamurɗi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Sannan jabu sun yi yawa, har Leupold ya fitar da gargaɗi a kansu. Ɗauki lambar jikin madubin ka tambayi kamfanin kafin ka biya. Sabo fil a kwali a rubu'in kuɗi, ka wuce abinka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sha'awar wasan harbi. Yayana yana Amurka, ina so ya saƙo mini madubi a jakarsa in zai zo hutu, ni kuma in nemi bindigar iska a nan. Akwai matsala? Mai karatu daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Akwai, ta kowane ɓangare, kada ka jefa yayanka a ciki. Madubin bindiga yana cikin kayan da Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ke sa wa ido, fitar da shi zuwa ƙasashe da yawa sai da lasisi, shi ya sa shagunan can suke ƙin aika shi waje. A nan gida kuma shigo da makamai da kayan da suka shafe su yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro, kwastan kuma ba za su karɓi “tsaraba ce” a matsayin hujja ba.

Ita kanta bindigar iskar, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta a rukuni ɗaya da bindigar farauta, wanda lasisinsa yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko bindigar toka sai da izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba kamar Ingila da Wales ba ne, inda wanda ya kai shekara 18 ke iya mallakar doguwar bindigar iska da ƙarfin harbinta bai wuce ƙafa-fam 12 ba babu lasisi. Yayan naka ma, in da bizar karatu ko ta ziyara yake zaune, dokar tarayyar Amurka ta hana shi riƙe bindiga sai in ya cika ɗaya daga cikin 'yan sharuɗɗan da aka keɓe, kamar mallakar lasisin farauta.

In wasan kake so, fara da hukumar wasanni ta jiharka ka tambayi masu kula da harbi. Za ka kuma tarar cewa gasar doguwar bindigar iska ta mita 10, wadda ake yi har a Olamfik, ba a yarda da madubi mai zuƙowa a cikinta ba sam. Ta ɗan huji ake leƙe a baya, da zobe a gaba, harsashin milimita 4.5 ne, ɗigon maki goma kuma faɗinsa rabin milimita.